Hannun Kaka Masi a Ƙarƙashin Zane

Akwai wata tsokana da ta samu wurin zama a gidanmu, har na ga jikoki sun fara ɗauka. Duk wanda ya daɗe a banɗaki, ko ya tsaya dogon ciniki a kasuwa, sai a ce masa, "Kai, ikirarin Kaka kake yi ne?" A yi dariya, ni ma in yi. To amma kwanan baya na ji 'yar'uwarku Rejina tana gaya wa 'yarta wai kakarku Masi ta shafe safiya guda a gaban Fada a coci saboda yawan zunubanta, wai kuma ni na ji su duka na yi gum da bakina. Duka biyun ba haka ba ne. Tunda yanzu na ajiye aikin koyarwa, ga biro ga lokaci, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku ɓata wa tsohuwa suna bayan ta tafi.

Shekarar da mutanen daji suka ci Michika, daga baya suka gangaro Mubi, gidanmu na Dubeli a Jimeta ɗaki uku ne da falo. Dangin babanku Zira suka yi ta saukowa, wasu a bayan mota, wasu da ƙafa sun kumbura. Mata suka cika falo, maza suka kama baranda, yara kuwa duk inda barci ya kayar da su nan ne ɗakinsu. Masarar da muka nomo a Vinikilang, wadda muke ƙirga za ta kai mu damina, ta tafi kamar an yi mata fiffike. Amma kada ku ɗauka kuka kawai aka yi a gidan nan. Ban taɓa jin dariya irin ta lokacin ba. Layin banɗaki kaɗai ya ishe mu nishaɗi, ga wani kawunku da yake minshari har maƙwabta suna aiko da gaisuwa. Mahaifiyar babanku, Kaka Masi, ita ce ta iso a ƙarshe. Ta bi ta duwatsu, ta faɗa ƙasar Kamaru, ta zagayo a motar shanu. Da zane ɗaya ta shigo, da rosari, carbin addu'arta, a wuya, da 'yar fartanyarta a kafaɗa, wadda duk wahalar hanya ba ta sa ta yar da ita ba.

Ni da ita, gaskiya, ba mu saba ba. Ni 'yar Chamba ce daga wajen Ganye, ita kuwa ta so ɗanta ya auro 'yar gida. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa kiran sunana ba. "Malama" take ce min, da wata murya da ke sa in duba ko ɗankwalina ya karkace. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma yarensu na Kamwe, duk shekarun aurena, gaisuwar kawai na iya. Abin da ya haɗa mu shi ne Fulatanci. Ni na tashi da shi cikin masu tallan nono, ita ta koya a kasuwar Michika. Da shi muke magana, ina ce mata Dada, wato uwa.

Ba a daɗe ba na lura da wani abu. Ranar Lahadi mukan kwashi gidan gaba ɗaya mu tafi coci wurin Mas, amma idan lokacin karɓar Jikin Kristi ya yi, kowa ya tashi ya bi layi, Kaka sai ta zauna ta sunkuyar da kai. Matar da babanku ya ce tun yana yaro ita ce ta farko a layi! A gida ma ta rage cin abinci, sai ta tura wa yara kwanonta ta ce ta ƙoshi. Wuyanta ya fara fitowa. Wata rana muna gyaran yakuwa na daure na tambaye ta.

"Dada, me ya sa ba kya tashi a Mas?"

Ta daɗe tana tsinke ganye kafin ta ce, "Ban yi ikirari ba tun da muka fito. Akwai abin da na ɗauko a hanya."

Ikirari, ko konfeshon kamar yadda ku 'yan Jimeta kuke cewa, shi ne mutum ya binciki zuciyarsa, ya je gaban Fada ya furta zunubinsa, ya yi tuba, a ba shi gafarar Allah. Wanda ya san yana ɗauke da babban laifi ba ya karɓar Jikin Kristi sai ya yi wannan. Na ce mata ai abu mai sauƙi ne, Asabar mai zuwa in raka ta. Ashe ban san da wa nake magana ba. Fadan cocinmu, Fada Luka, mutumin Filato ne, ba ya jin Kamwe, ba ya jin Fulatanci. Coci ta yarda a yi ikirari da mai fassara, babanku ya ce shi zai fassara mata. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ɗan da ta haifa ba zai ji abin da ke cikinta sau biyu ba, zaman wata tara da ya yi a can ya ishe shi. Aka kawo sunan matan ƙauyensu, ta ce in ɗaya ta ji, kafin yamma duk Michika ta ji, har da waɗanda suka gudu Kamaru. Da aka ambaci sunana kuwa, tsaki kawai ta yi.

Sai babanku ya tuna da Fada Vandi, ɗan ƙanwarta, wanda shi ma ya gudo Yola tare da mutanen cocinsa. Ga Fada, ga Kamwe, magana ta ƙare. Ya zo a keke napep da farar rigarsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Babanku yana gefe yana fassara min.

"Wannan? Ni na yi masa wankan farko," in ji Kaka. "Ranar baftismarsa a cinyata ya yi fitsari."

Fada Vandi ya yi dariya ya ce, "Inna, a wurin nan ba ni nake ji ba, Kristi ne yake ji."

"Na sani. Amma kunnen naka ne, kuma na san kunnen nan, na sha jan sa."

Gidan ya kwashe da dariya, har shi Fadan yana share hawaye. Ya ci tuwo, ya sa mata albarka, ya tafi. Bayan dariyar ta lafa sai na ga babanku ya zauna a bakin ƙofa ya yi tagumi. Kirsimeti na matsowa, uwarsa na ramewa, kuma ta riga ta ce in ta mutu a haka ba ta san inda za ta ba.

Ni na kai maganar wurin Fada Luka, kuma ban je da ladabi sosai ba. Na ce masa cocin da ta kai shekara dubu biyu ba za ta rasa dabarar tsohuwa guda ba. Yana juya biro sai ya ce ya tuna wani abu da wani tsohon malaminsu ya koya musu, abin da fadannin farko suke yi idan sun shiga ƙasar da ba su iya yarenta ba. Mai fassara ya juya baya. Mai tuba ya riƙe hannun Fada. Fada ya yi tambaya, mai fassara ya maimaita da yaren mai tuba, in amsar e ce sai ya matse hannun Fada, in sau da yawa ne ya matse sau biyu. Tambaya tana bi ta bakin mai fassara, amsa kuwa ba ta bi ta kunnensa.

"Amma Malama," in ji shi, "duk da haka sirrin ya ɗaure ki kamar yadda ya ɗaure ni. Ko tari kika ji a bayanki, da shi za ki shiga kabari."

Da na kawo wa Kaka labari, sai ta sa na maimaita. Ta tambaya ko za a iya rufe hannuwan da zane. Na ce za a iya. Ta ce to mu gwada ta gani. Muka zauna bayan ɗakin girki da la'asar, na miƙa mata hannuna, na ce zan yi tambayar wasa don ta saba.

"Dada, kin taɓa cewa miyata ba gishiri?"

Ta matse. 'Ya'yana, hannun da ya yi shekara sittin yana noma a kan dutse ba hannu ba ne, maƙera ce. Na ciji leɓe na ci gaba.

"Kin taɓa gaya wa Zira da ma 'yar Michika ya aura?"

Ta matse sau biyu. Na juyo na dube ta, ta dube ni, sai kawai muka fashe da dariya har tana riƙe ciki. Wannan ce dariyarmu ta farko ni da ita, bayan na haifa mata jikoki huɗu.

Daga nan muka shiga shiri na gaske. Na ba ta totuwar masara ta riƙe a ƙarƙashin zane a madadin hannun Fada, ni kuma na juya baya ina bin Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koya wa masu shirin ikirari. Ko ta bar addu'a, ko ta kira sunan Allah a banza, ko ta yi ƙarya, ko gulma, ko hassada. Wasu kalmomin Fulatancina na kasuwa bai kai su ba, sai na haye Yola wurin Adda Mairo, abokiyar aikina Musulma da ke Makama, ta gyara min. Tana ji tana dariya, ta ce, "Monika, wannan tambayoyin naku ai ko ni aka ba hannu sai ya kumbura." Wadda ta fi ba ni wahala ita ce doka ta shida. Ku yi tunanin matar ɗa ta buɗe baki ta tambayi surukarta ko ta yi sha'awar mijin da ba nata ba. Na faɗa ciki-ciki.

"Ɗaga murya, Malama," in ji ta, "ko Allah zai sa wani tsoho ya ji."

Muka kai ƙarshen dokokin ina murna aiki ya yi kyau. 

"Sun ƙare?" ta tambaya.

"Sun ƙare, Dada."

"To nawa ba ya ciki."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce ta ɗan nuna min gefen da abin yake, in san irin tambayar da zan ƙara. Ta ce in ta nuna min ƙofa ai na shiga ɗakin ke nan. Na tashi na bar ta da totuwarta, na je na huce a kan turmi. Ina cikin daka ne na ji matan gidan suna hirarsu ta kullum da Hausa, hirar hanya. Da ma kowace rana suna yi, ni ce nake toshe kunne saboda ba na iya ɗauka. Ranar na saurara. Wata ta wuce wani yana kiran ruwa ba ta tsaya ba. Wata ta shiga gonar mutane ta karya rake ta ba 'ya'yanta. Wata da aka tare su aka tambayi sunanta, ta faɗi wani suna da ba nata ba. Wata ta toshe bakin jaririnta a cikin ciyawa har ya suma. Wata ta ce ta ɗaga kai ta yi wa Allah faɗa. Sai na gane tambayoyin da ke littafinmu an yi su ne don mutanen da suke kwana a gidajensu. Na kuma gane abin da zan yi: in tara tambayoyin hanya da yawa, duk wanda kunnena ya taɓa ji da wanda zuciyata ta iya zato, yadda nata zai shige cikin taro ba wanda ya san fuskarsa.

Na kai wa Fada Luka su da baki. Da na gama sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Malama, da yawa cikin waɗannan ba zunubi ba ne. Mutum ne yake gudu da ransa."

"Na sani, Fada. Su ne ba su sani ba."

Ya ce to dole ya gaya mata, amma in ya yi bayani a kan wanda ta matse kaɗai, ai na gane. Saboda haka zai amsa kowace tambaya, ta matse ko ba ta matse ba, da murya iri ɗaya, ni kuma in fassara duka. Kun ji dalilin tsawon ikirarin Kaka. Ba yawan zunubi ba ne, yawan labule ne.

Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti, bayan Mas na safe, muka zagaya ƙarƙashin mangwaron da ke bayan coci. Kaka ta zo da zanenta a ninke. Kafin ta zauna sai da ta zagaya wurin kamar mai sayen fili. Ta hango motar Fada a gefe, ta nuna madubin, ta ce daga inda zan zauna ana iya ganin baya a ciki. Fada Luka, babban mutum, ya je ya ja motarsa gaba. Ya dawo ya rataya ɗan ƙyallensa mai ruwan shunayya a wuya, ya ce kafin a fara ta gwada matsawa sau ɗaya ya ji. Ta gwada. Sai da ya miƙe tsaye.

"Malama, ki roƙar min Mama ta yi a hankali, da hannun nan zan ba ta Jikin Kristi."

Wannan kafin a fara ne, shi ya sa na faɗa. Daga lokacin da ya yi alamar gicciye, abin da ya faru a bayana ba nawa ba ne. Abin da ke gabana ne nawa: katangar bulo, da wani jan ƙadangare da ya yi ta gyaɗa min kai kamar yana jin Fulatanci. Fada ya yi tambaya, na maimaita, ya yi bayani, na maimaita. Da muka shiga tambayoyin hanya, kowace ɗaya ina ganin fuskar matar da na ji ta a bakinta. Na fassara wa katanga cewa wanda tsoro ya kora bai ƙi ɗan'uwansa ba, cewa Allah ya san nauyin ƙafar mai gudu, cewa ko wanda ya yi masa faɗa da shi dai yake magana. Hawaye suka yi ta zuba a kan rigata ban share ba, don kada motsin hannuna ya dame su. Ta yi addu'ar tubanta da Kamwe. Aikin tuban da aka ba ta ni na fassara, kuma ba za ku ji shi ba. Ana kaɗa ƙararrawar tsakar rana Fada ya ce, "Malama, kina iya juyowa."

Na juyo na tarar da Kaka tana ninke zanenta. Ta dube ni ta ce, "Yunwa nake ji."

A bakin titi muka tsaya wurin mai masa. Ta ci tata, ta ci rabin tawa, ta kora da kunun gyaɗa, ta ce masar Jimeta ba ta kai ta gida ba amma a ƙaro. Ni kuwa murna ta hana ni ci, kallonta kawai nake yi. Labari bai kwana ba. Washegari bayan Mas na tarar da tsofaffi mata a ƙarƙashin mangwaron nan, kowacce da zanenta a ninke a hannu. Har jajibirin Kirsimeti ina fuskantar katangar nan, muryata ta dushe, ni da ƙadangare muka zama 'yan'uwa.

Abin bai tafi kyauta ba. Babanku ya so ya san abin da uwarsa ta gani a hanya, kuma ban ga laifinsa ba. Ya bi ni ta nan, ya bi ni ta can, har ya ce ba sai na faɗi komai ba, in gaya masa kawai a wace tambaya muryar Fada ta canja. Na ce ba ta canja ba, in ma ta canja ba zai ji daga gare ni ba. Ya yi fushin da sai da ya kai sabuwar shekara. Goggonku Kuve kuwa har yau ta yarda na san wani abu game da uwarta ina ɓoye mata, shi ya sa gaisuwarmu ba ta da tsawo. In wannan rubutun ya kai hannunta, to ta ji: ban sani ba. Kaka ta koma Michika da fartanyarta da aka samu lafiya, ta yi noma damina da yawa, ta rasu a ɗakinta, ta tafi da abinta.

Ranar Kirsimetin nan dai coci ta cika har waje, mu da baƙinmu, ana waƙa da Hausa da Kamwe da Margi, ana buga tulu da kacau-kacau. Kaka ta ɗaura sabuwar atamfar da babanku ya saya mata. Lokacin karɓa bai gama yi ba ta miƙe, ta ratsa mutane da gwiwar hannu, ta je ta tsaya a gaban layi inda ta saba. Na ga Fada Luka ya ɗan yi murmushi da ya ɗaga hannun nan nasa. Da ta juyo, na zaci za ta koma cikin matan ƙauyensu inda take zama kullum. Sai ta wuce su, ta zo bencinmu, ta ture babanku gefe, ta zauna kusa da ni. Ta yi addu'arta ta gama, sannan ta jawo gefen atamfarta ta rufe hannuna da nata.

"Monika," ta ce. Ban ma san ta riƙe sunan ba. "Saura tambaya ɗaya ba ki yi ba."

Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Dada, kayan ya sauka?"

Ta matse har zoben aurena ya shige cikin nama, ta saki, ta sake matsewa. Duk cikin amsoshin Kaka Masi na gaske wannan kaɗai na sani, kuma ba a ƙarƙashin mangwaro aka ba ni ita ba, shi ya sa nake da izinin gaya muku.